Tambaya da Amsa: Injin Jirgin Ruwana Mai Jet Yana Ɗaukar Zafi

Tambaya: Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan mujalla, ina neman shawara a kan wani jirgin ruwa na hannu da na saya, wanda aka shigo da shi daga Amurka ta tashar Legas. Ba shi da farfela a waje irin ta injin da ake rataya wa kwalekwale. Ruwa yake zuƙa ta ƙarƙashinsa ya feso shi ta baya, kuma injinsa na fetur ne guda ɗaya. Da farko ya yi aiki lafiya lau, amma tun da damina ta kankama ruwan kogi ya yi ja, da na yi 'yar tafiya a hankali sai ƙararrawar zafi ta kama kuka, injin ya rage ƙarfi da kansa. Idan na ba shi wuta sosai zafin yakan ɗan sauka, can kuma sai ya dawo. Bakanikenmu na mota ya duba bai ga lagireto ba, ya cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗauki zafi, ba ta sauya zani ba, yanzu kuma ya ce sai an buɗe kan inji an sauya gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Wani abokina ya ce ƙararrawar ce take ƙarya, in sa a yanke wayarta in huta. Wace shawara za ku ba ni? Daga mai karatu a Yawuri, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai, kada ka yarda a yanke wayar ƙararrawa, kuma ka dakatar da maganar buɗe kan inji tukuna. Zafin da yake tasowa a tafiyar hankali, ya kuma sassauta idan an ƙara wuta, ya fi nuna cewa ruwan da ke sanyaya injin ne ba ya isa, ba wai injin ne ya riga ya lalace ba. Hanyar gane inda ruwan yake tsayawa kuwa ita ce a bi sawunsa tun daga inda yake shiga jirgi har zuwa inda yake fita, ba tare da tsallake ko'ina ba.

Bakanikenka ba shi da laifi da ya nemi lagireto ya rasa, domin babu shi. Mota da iska take sanyaya ruwanta, jirgi kuwa da ruwan da yake tafiya a kansa. A yawancin jiragen jet na shaƙatawa, babban famfon da yake tura jirgin shi ne kuma yake shayar da injin. Farfelar da ke juyawa a cikin bututu tana matsa ruwa da ƙarfi, sai a ɗebi kaɗan daga bayanta, inda matsin ya fi yawa, ta wata 'yar kafa mai rariya, a bi da shi ta tiyo zuwa jikin inji da salansa. Idan inji yana tafiyar hankali, matsin ɗan kaɗan ne ko da komai lafiya yake, saboda haka da an samu toshiya ko farfela ta ci baki, ɗan ruwan da ke zuwa sai ya gaza. Ƙara wuta yana ƙara matsi, shi ya sa kake ganin zafin ya sauka. Amma yana kuma ƙara zafin da injin yake haifarwa, shi ya sa yake dawowa.

Ya kamata ka san wane irin tsari jirginka yake da shi, domin iri biyu ne. Akwai buɗaɗɗen tsari, inda ruwan kogi da kansa yake ratsa cikin inji ya fita, kamar yadda yake a jiragen Yamaha da tsofaffin jiragen Amurka masu injin silinda 8 da famfon Berkeley. Akwai kuma rufaffen tsari, irin na injinan Rotax masu bugu huɗu da ke cikin jiragen Sea-Doo, inda ruwan sanyaya inji mai launi yake zagayawa ya je ya huce a cikin wani farantin ƙarfe da ke manne a ƙarƙashin jirgi, ruwan kogi kuwa salansa kawai yake sanyayawa. Idan ka ɗaga murfin ɗakin inji ka ga wata robar ajiyar ruwa mai murfi, da ruwa kore ko ja a ciki, to naka rufaffe ne, kuma sai ka fara da duba ko ruwan ya ragu, ko murfin ya daina riƙe matsi, ko farantin ya tsage yana yoyo. Kada dai a buɗe murfin nan inji yana da zafi. Tunda an cire maka tamostat ba ka ambaci wani ruwa mai launi ba, na fi zaton naka buɗaɗɗe ne, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Abu na farko ba ya bukatar ko sifana. A gefen jirgi ko a bayansa galibi akwai wata 'yar kafa da take tsartar da ruwa idan inji yana aiki, kuma an yi ta ne don direba ya gani da idonsa cewa ruwa yana zagayawa. Ka tayar da injin a ruwa mai zurfi, ka ƙara wuta kaɗan, ka sa ido a kanta. Idan ruwan yana fita da ƙarfi kuma ɗumi-ɗumi, hanya a buɗe take. Idan ɗiga yake yi, ko yana fita tare da tururi, ko hannu ba ya iya jure zafinsa, to ruwa ya yi ƙaranci a ciki, sai ka kashe nan take. Ita kanta kafar takan toshe da laka ko gidan zanzaro alhali sauran hanyoyi lafiya suke, don haka a fara zura mata siririyar waya kafin a yanke hukunci.

Daga nan sai a fitar da jirgi a ɗora shi a kan tirela, a zare makulli, a cire kan batir, sannan mutum ya kwanta a ƙarƙashi da tocila ya leƙa ta cikin sandunan ƙarfen da ke tare bakin zuƙar ruwa. Abin da aka saba samu shi ne leda, da guntun ragar masunta, da igiya, da kainuwa, sun nannaɗe a jikin sandar da ke juya farfela. Leda ɗaya tak da ta manne a bakin farfela ta isa ta rage ruwan inji, alhali jirgin yana ci gaba da tafiya. A duba bakin fukafukan farfelar, ko sun lanƙwashe ko sun yi giɓi, sannan a duba zoben da farfelar take juyawa a cikinsa. Tazarar da ke tsakanin bakin farfela da wannan zobe a sabon famfo ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma da siririn ƙarfen awon nan da bakanikai ke auna bakin fulogi ake auna ta, a gwada da abin da littafin jirgin ya ƙayyade. Idan yashi da tsakuwa sun cinye zoben, ruwa zai riƙa sulalewa ya koma baya ta gefe, matsi ya faɗi. Alamar da ke tafiya tare da wannan ita ce inji ya yi ta ƙugi idan an ba shi wuta daga tsaye, jirgin kuwa ya yi nawa wajen tashi.

Amma abin da na fi zargi a labarinka shi ne yashi, saboda lokacin da matsalar ta fara. Ruwan Kogin Kwara a damina yana tafe da laka da rairayi masu yawa, kuma mutane da dama suna sayen jirgin jet ne da tunanin cewa tunda ba shi da farfela a waje, ko a ruwan da bai wuce idon sawu ba zai shiga. Gaskiya ne cewa don koguna marasa zurfi William Hamilton ya ƙera irin wannan jirgi a New Zealand a 1954, sai dai yana ratsa irin wannan ruwa ne idan yana gudu a bisa fuskar ruwa, ba idan yana tsaye ko yana rarrafe ba. Farfelar jet ba ta da giyar da za ta raba ta da inji a yawancin ƙananan jirage, saboda haka muddin inji yana kunne tana zuƙa, kuma idan ƙasa tana kusa, ƙasar za ta zuƙo. Ja da baya a bakin gaɓa ya fi komai muni, domin ruwan da aka karkato zuwa ƙarƙashin jirgi yana tono yashi ya kai shi daidai bakin zuƙa. Shi ya sa littattafan irin waɗannan jirage suke neman zurfin santimita 60 zuwa 90 a ƙarƙashin jirgi kafin a tayar da inji. Yashin da ya shiga ba duka yake fita ba: yana kwantawa a ƙasan hanyoyin ruwa na jikin inji, da cikin rigar ruwan da ke lulluɓe da bututun salansa, da duk wata kwana da tiyo ya yi.

Fitar da shi aiki ne na haƙuri, ba na kuɗi ba. A fara da 'yar rariyar da ke jikin famfo, a kwance ta a wanke. Sai a cire tiyon da ke kawo ruwa daga famfo, da wanda ke fitar da shi daga inji, a tura ruwa mai tsabta ta kafar fita, ya fito ta kafar shiga, wato a mayar da ruwan baya. A tara farin bokiti a ƙarƙashi, domin a cikinsa za ka ga yashin yana kwanciya, kuma a ci gaba har sai ruwan ya fito garau. A kula sosai cewa sashen inji daban ake wankewa, sashen salansa daban, kowanne an raba tiyonsa, don kada ruwa ya gangara ta salansa ya shiga silinda. Idan akwai notin zubar da ruwa a ƙasan jikin inji, a kwance shi. In ruwa bai fito ba, ba wai babu ruwa ba ne, laka ce ta daskare a bakin, sai a tsokane ta da waya. Kowane tiyo a matsa shi da hannu, domin tsohon tiyo yakan saɓule daga ciki ya toshe kansa alhali bayansa sumul yake. A kuma bi layin a ga ko mai jirgin na baya ya sa wani bawul, saboda a tsofaffin jirage ana sa shi don rage matsin famfo, kuma ba abin mamaki ba ne a same shi rabi a rufe. Idan aka ga farin dutse ya kama cikin hanyoyin, akwai ruwan wanki da aka yi musamman don injinan ruwa. Ruwan batir kuwa, wanda wasu ke zubawa a lagireton mota, cin alminiyon yake yi, kada ya kusanci wannan inji.

Cire tamostat da aka yi barin jaki ne a daki taiki. A injin ruwa, aikinsa bai tsaya ga buɗewa da rufewa ba. Yana riƙe ruwa ya cika kan inji, yana kuma tilasta masa bin hanyar da aka tsara. Idan babu shi, ruwa yakan bi gajeriyar hanya ya fice, wasu sassa su yi sanyi fiye da kima, wasu su ƙone, kuma inji mai kwamfuta zai ɗauka har yanzu bai ɗumama ba ya yi ta zuba mai. Ka sa a nemo shi a jefa cikin tukunyar ruwa a kan wuta tare da ma'aunin zafi. Galibi an buga lambar zafin da yake buɗewa a jikinsa, kuma na buɗaɗɗen tsari yakan buɗe tsakanin digiri 50 zuwa 60 da 'yan kai a ma'aunin Salshiyas, ƙasa da na mota, don kada gishiri da farin dutse su riƙa daskarewa a ciki. In ya buɗe a kan lambarsa a wanke a mayar, in ya ƙi a sayi irinsa daidai, ba na mota ba.

Maganar abokinka ba a rasa ƙamshin gaskiya a cikinta ba, domin na'urar jin zafi takan lalace, wayoyinta kuma sukan yi tsatsa a jirgin da ya daɗe. Sai dai gwadawa ake yi, ba yankewa ba. Ma'aunin zafin nan da ake haskawa daga nesa, irin wanda masu gyaran firji da injiniyoyin janareto suke riƙewa, shi ne maganin gardamar: da ƙararrawa ta yi kuka, a haska kan inji daga silinda zuwa silinda, da gidan tamostat, da bututun salansa. Idan ko'ina yana kusa da lambar tamostat, na'urar ce take ƙarya, a sauya ta. Idan wani wuri ya zarce sauran nesa ba kusa ba, ka samo inda ruwa ba ya kaiwa. Dalilin da ya sa na ƙi yarda a yanke wayar shi ne, abin da ke biye da salansar jirgi tiyo ne na roba, ruwa ne kaɗai yake hana hayaƙi ƙona shi, kuma idan ya ƙone ya huje, ruwan kogi zai iya shigowa cikin jirgi ta nan.

Tunda jirgin na hannu ne, tarihinsa ma abin dubawa ne, kuma sau da yawa yana rubuce a goshinsa. Lambar rajistar jiragen ruwa a Amurka tana farawa da haruffa biyu na jiha, kuma ko an ɓamɓare ta shatinta yakan rage a jikin fenti. FL na nufin Fulorida, CF Kalifoniya, MC Mishigan, MN Minesota. Jirgin da ya fito daga jihar bakin teku irin Fulorida mai yiwuwa ya sha ruwan gishiri, sai a tsananta binciken tsatsa da toshiya a hanyoyin salansa. Wanda ya fito daga jihohin sanyi kuwa haɗarinsa daban ne: ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara, don haka injin da aka bari da ruwa a cikinsa lokacin hunturu yakan tsage, a wani lokaci daga ciki inda ido ba ya gani.

Sai bayan duk wannan ake zuwa kan gasket, kuma shi ma akwai shaidun da ake nema kafin a ɗaga sifana. A zaro sandar awon baƙin mai a ga ko ya koma kalar shayi da madara. A kwance fulogi a jera su. Wanda ya fi 'yan'uwansa haske tas, kamar an wanke shi, ruwa ne yake shiga silindarsa. A auna matsin kowace silinda, kuma bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 tsakaninsu, musamman idan biyu maƙwabta ne suka faɗi tare, abin tuhuma ne. A ƙarshe a sa guntun tiyo mai garai-garai a hanyar fitar ruwa daga inji, a tayar a ruwa, a ga ko kumfa tana bi ba ƙaƙƙautawa. In shaidun nan sun tabbata, bakanikenka ya yi gaskiya, amma ko a nan ɗin, gasket ɗin da ya ƙone galibi sakamakon rashin ruwa ne, kuma sabon ma zai bi sahun tsohon idan yashin yana nan. A kuma auna kan injin da miƙaƙƙen ƙarfe kafin a mayar, domin na alminiyon yakan karkace idan ya sha zafi. Duk lokacin da za a tayar da inji a wannan aiki, a kunna fankar fitar da iskar ɗakin inji na minti 4 tukuna, saboda tururin fetur ya fi iska nauyi kuma a ƙasan jirgi yake taruwa.

Tambaya: Salamu alaikum. Jirginmu mai jet ya mutu a tsakiyar ruwa, wani jirgi ya jawo mu da gudu zuwa gaɓa. Da muka zo tayarwa sai inji ya ƙi juyawa, da aka kwance fulogi kuma sai ga ruwa a ciki. Ta ina ya shiga, alhali jirgin bai nutse ba? Daga mai karatu a Yamai, Jamhuriyar Nijar.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ta hanyar sanyaya inji ya shiga. Idan ana jan jirgi da gudu, ruwa yana kutsawa cikin bututun famfo da ƙarfinsa, ya bi tiyon sanyaya inji ya zuba cikin salansa kamar yadda ya saba. A lokacin da inji yake aiki, hayaƙi ne yake korar wannan ruwa waje. Da yake a kashe yake, babu mai korarsa, sai ya cika tukunyar salansa ya hauro ta bawul ɗin da ya samu a buɗe. Ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa injin ya cije, kuma da kun matsa masa da batir mai ƙarfi da sandar fistin ta iya lanƙwashewa.

Abin yi ba ya jiran gobe, domin tsatsa tana kama cikin silinda da wuri. A bar fulogi duka a waje, a katse wutar fulogi da famfon mai, a juya inji da makulli har ruwan ya gama fesowa, a ɗiga ɗan mai a kowace silinda, a zubar da ruwan tukunyar salansa, sannan a sauya baƙin mai da matatarsa. A tayar ya yi zafi a cikin ruwa, a sake duba man, a kuma sauya shi har sai ya daina yin fari. Nan gaba idan za a ja ku, a matse tiyon da ke kawo ruwa daga famfo da abin matse tiyo, ko kuma a ja a hankali ƙwarai, tafiyar da ba ta tayar da igiyar ruwa. Yana da kyau a ɗaura wa tiyon jan ƙyalle tun yanzu don a gane shi cikin gaggawa, a kuma tuna a saki matsin kafin a sake tayarwa. Masu jirgi mai inji biyu ma abin ya shafe su, idan ɗaya ya mutu suka ci gaba da gudu da ɗayan.

Tambaya: Idan zan wanke cikin injin da ruwan famfo a gida, ruwa zan fara buɗewa ko inji zan fara tayarwa? Daga mai karatu a Jimeta.

Amsa: Inji za ka fara tayarwa, sannan ka buɗe ruwa cikin 'yan daƙiƙu, idan ka gama kuma ruwa za ka fara rufewa, ka ɗan taɓa wuta sau ɗaya ko biyu don salansa ta amayar da abin da ya rage, sannan ka kashe. Dalilin shi ne wanda muka faɗa wa mai tambaya na Yamai, wato duk ruwan da ya shiga alhali inji yana kashe, silinda zai nufa. Kada inji ya wuce daƙiƙa 15 yana aiki babu ruwa. Idan kuma jirginka mai rufaffen tsari ne, ruwan tiyon salansa kawai yake sanyayawa, farantin ƙarƙashi yana waje a iska, zoben da ke hana ruwa shigowa ta jikin sandar farfela ma ba ya samun ruwan da ke sanyaya shi, saboda haka minti ɗaya zuwa biyu ya wadatar.